Kafin Ka Zuba Wa Babur Ɗinka Baƙin Mai

 Gaisuwar shirinmu na yau ta mutanen Dawaki ce ta ƙasar Rano, da maƙwabtansu na Rurum da Saji da Lausu, da na Kibiya da Tarai, har zuwa Bunkure. Wanda ke kan babur yana jin mu ta waya, ya samu inuwa ya tsaya, don maganar tasa ce. Baƙin mai za mu tattauna a kai, wanda ake zuba wa injin babur: wanne ne ya dace, wanne ne asarar kuɗi, kuma ta yaya mutum zai gane.

Tun watan Janairun 2013 da gwamnatin Jihar Kano ta hana goyo a babur a cikin birni, Adaidaita Sahu ya karɓe titunan Kano. Mu nan karkara kuwa babur yana nan daram. Shi ke kai mai naƙuda asibitin Rano cikin dare, shi ke ɗauko buhun taki, shi ke fito da tumatir da shinkafa daga gonakin da ruwan Tiga ke shayarwa zuwa bakin titi. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, kowane mai babur yana neman inda zai rage kashe kuɗi. Fetur ba ya raguwa, don in babu shi ba tafiya. Taya in ta suɗe kowa na gani. Sai a koma kan baƙin mai, saboda shi ba ya kai ƙara nan take. Sai bayan wata da watanni inji ya fara hayaƙi, a ce ai babur ɗin ne ba shi da ƙwari.

Ku zo mu tsaya a bakin kasuwa mu kalli yadda ake cinikin. Ga tebur, an jera robobin ruwan sha da aka cika da mai, launinsa kamar zuma, babu takarda babu rubutu. Ga duro a baya, ga mazurari. Ɗan acaba ya ci birki ya ce, "Oga, a ba ni mai kauri." Mai tebur ya buɗe roba ɗaya ya karkata ta. Ɗan acaba ya dangwala da ɗan yatsa, ya murza da babban yatsa, ya buɗa su a hankali yana kallon zaren da man ya ja. In zaren ya yi tsawo sai ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan ya yi, zuba." To wannan gwajin na yatsa shi nake so mu yi sallama da shi yau.

Dalili kuwa kowace uwargida ta san shi. Manja da sanyin safiyar hunturu daskarewa yake yi, sai an sa cokali an yanko. Da ya ji wuta sai ya tsinke ya koma kamar ruwa. Baƙin mai ma haka yake, zafi na tsinka shi. Yatsanka yana gaya maka kaurinsa ne a inuwar rumfa. Shi kuwa aikinsa a cikin inji yake yi, inda zafinsa kan kai na tafasasshen ruwa, wani lokaci ya zarce. Baburanmu irin su Boxer da TVS da Jincheng da Haojue ba su da lagireto, iskar tafiya ce kaɗai ke sanyaya su. Ka ɗora buhu biyu, ka bi yashi da giya ɗaya ko biyu a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, iskar da ke bugun injin kaɗan ce, ita ma mai zafi. A wannan halin ake sanin mai na ƙwarai. Mai biyu za su iya jan zare iri ɗaya a yatsa, amma da sun ji wuta ɗaya ya riƙe jikinsa, ɗayan ya tsinke ya bar ƙarfe yana cin ƙarfe.

Abin da yatsa ba zai iya ba, an riga an yi maka shi a ɗakin gwaji, an rubuta sakamakon a jikin roba. Ɗauki robar mai ta kamfani ka duba, za ka ga haruffa uku, SAE, sai lambobi kamar 20W-50. Wata ƙungiyar injiniyoyin motoci ce a Amurka ta tsara wannan ma'auni, duniya kuma ta bi. Lambar farko, mai harafin W, tana nuna yadda man ke gudana in inji ya yi sanyi. In ta yi ƙasa, man ya fi saurin zagaye inji da asuba. Lamba ta biyu ita ce kaurinsa a zafin digiri 100, wato lokacin da inji ke tsakiyar aiki. In ta yi sama, man ya fi riƙe kauri a cikin zafi. Ke nan 20W-50 mai ne da aka haɗa shi ya yi aiki a hali biyu: da safe kada ya yi nauyin tashi, da rana kada ya tsinke.

Akwai kuma wanda za ka ga an rubuta SAE 40 kawai, babu W. Shi ma yana da yawa a kasuwa, kuma ya fi araha. Ba jabu ba ne, yana da injinan da ya dace da su. Matsalarsa a babur ita ce safiyar Disamba da Janairu. Daga lokacin da ka buga kiki zuwa lokacin da mai zai hau can saman inji, akwai ɗan taƙin da ƙarafa ke gogar juna kusan a bushe, kuma mai mai nauyi ya fi jinkirin isa. Kaso mai yawa na cinyewar inji a wannan ɗan lokacin yake faruwa. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga yaro ya tada babur da sanyin asuba ya murɗe totur har ƙarshe wai yana ɗumama shi. Bar shi a silo minti ɗaya ko biyu, ka fara tafiya a hankali.

To wace lamba za ka saya? Wadda littafin babur ɗinka ya ce. Na san da yawa za su yi dariya, don littafin nan ana barinsa a leda tun ranar da aka kwance babur daga kwali, ko yara su yi wasa da shi. Amma waɗanda suka ƙera injin su suka san faɗin tsakanin ƙarafansa. Yawancin baburan Indiya da na Sin da muke hawa 20W-50 ko 20W-40 suke nema. Wasu sababbi, irin na Honda, littafinsu 10W-30 yake cewa, saboda an matse ƙarafansu sosai, mai mai kauri ba ya ratsa su yadda ya kamata, ga ƙarin shan fetur. Don haka maganar nan ta cewa duk wanda ya fi kauri ya fi kyau ba ta da tushe. In littafin ya ɓata, dilan da ke sayar da irin babur ɗin ya san lambar, wani lokaci ma tana rubuce a jikin inji kusa da murfin mai.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna kan maganar baƙin man babur. Yanzu mun zo inda babur ya sha bamban da mota, kuma nan ne aka fi yin kuskure.

A mota, inji da mansa daban, giya da manta daban, kulocin motar da ake sa wa giya da hannu kuma a bushe yake aiki. A babur irin namu kuwa gida ɗaya suke: lita ɗayan nan da ka zuba, ita ke shafe fistin da ringi, ita ke shiga tsakanin haƙoran giya, a cikinta kuma filet ɗin kuloci suke jiƙe dare da rana. Aiki uku ke nan a kan mai ɗaya, kuma bukatunsu ba ɗaya ba ne. Inji santsi yake so. Kuloci kuwa yana so ya kama, in santsi ya yi yawa sai ya riƙa zamewa. Haƙoran giya su kuma niƙa man suke yi, suna tsinka sinadarin da ke riƙe masa kauri, shi ya sa man babur ya fi na mota saurin mutuwa.

Shekarun baya wannan bai zama matsala ba. Daga baya masu haɗa man mota suka fara ƙara masa sinadaran santsi don mota ta rage shan fetur. Motoci suka ji daɗi, babura suka fara kuka. Ganin haka ne masana'antun Japan, ƙasar su Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki, suka fito da ma'auni na musamman don man babur a 1998. Shi ne za ka ga an rubuta JASO, sai MA ko MB. A 2006 aka ƙara raba MA gida biyu, MA1 da MA2. Abin da za ka riƙe mai sauƙi ne. In babur ɗinka mai giya ne, ko Boxer ne ko roba-roba, nemi MA ko MA2. MB na baburan nan ne marasa giya, waɗanda totur kawai ake murɗawa a tafi, su kulocinsu ba ya cikin mai. Ka zuba MB a Boxer, ka sayi wahala da kuɗinka.

Ga yadda zamewar kuloci take, don wataƙila wani yana fama da ita bai sani ba. Ka ɗauko kaya, ka zo hawa, ka murɗa totur. Inji ya ɗaga murya sosai, amma gudun bai ƙaru ba. Fetur na ƙonewa, babur na jan ƙafa. Ka je wurin bakanike ya ce, "Maigida, filet sun tafi." A canza filet, a sake zuba irin man da ya jawo abin, bayan ɗan lokaci a dawo gidan jiya. Ba kullum mai ne ke jawo haka ba, wayar kuloci da aka ɗaure fiye da kima ma tana yi, haka nan tsufan filet. Amma bakaniken kirki kafin ya kwance komai zai fara tambaya, "Wane mai kake sa masa?"

Kada kuma in tsorata ku fiye da kima. Man motar da ya fi haɗari ga kuloci shi ne mai ruwa-ruwan nan na sababbin motoci, irin su 0W-20 da 5W-20 da 5W-30, wanda ake tallarsa da cewa yana rage shan fetur. In tafiya ta kama ka a ƙauyen da babu man babur, ka samu 20W-50 na mota daga kamfanin kirki a rufe, zuba shi ya fi ka yi tafiya da inji a bushe nesa ba kusa ba. Sai dai kada ka mai da shi na kullum alhali ga mai alamar MA a kasuwa.

Akwai wasu haruffan kuma, API, su ma daga Amurka. Bayansu za ka ga haruffa biyu. In na farkon S ne, na injin fetur ne. In C ne, na injin gas ne, irin na manyan motoci da tarakta. Harafi na biyu kuwa yana tafiya ne bi da bi, duk wanda ya fi nisa a jerin abacada ya fi sabunta: SJ, sai SL na 2001, sai SM na 2004, sai SN na 2010. SJ ko SL ko abin da ya yi sama ya wadatar da baburanmu. In ka ga SA ko SB, ajiye, na injinan zamanin kakanni ne.

Sai 2T da 4T. 2T shi ne wanda ake gaurayawa da fetur ya ƙone tare da shi, kamar yadda ake yi wa ƙaramin janareton nan mai hayaƙi da tsofaffin babura. 4T shi ke zama a cikin inji yana zagayawa. Kusan duk baburan da ake sayarwa yanzu 4T ne. Kowanne da gidansa, ba sa aron juna.

Wani zai ce, to ai man da ake kira sintetik fa, mai tsadar nan? Yana da kyau, ya fi jure zafi, ya fi daɗewa. Amma a ganina, ga mai Boxer da ke bin hanyar ƙura kullum, mai na yau da kullum mai alamar MA da ake juye shi a kan kari ya fi mai tsada da za a bari ya wuce lokacinsa don ana jin zafin kuɗinsa. Ƙura ba ta san tsada ba.

Mu koma kan teburin nan na bakin kasuwa. Ba na cewa duk mai sayar da mai na awo macuci ne, wasu daga duro na kamfani suke ɗiba, su ma abinci suke nema. Matsalar ita ce kai mai saye ba ka da hanyar sani. Abin da ake kira baƙin mai haɗi ne: ɗanyen mai da aka tace daga matata, sai sinadaran da ake ƙara masa, wani ya wanke datti, wani ya hana tsatsa, wani ya hana kumfa, wani kuma ya yi wa ƙarfe riga don kada ya cinye. Waɗannan sinadaran su ne masu tsada. Mai son ribar banza sai ya sayo ɗanyen man zalla ya ɗura a roba. Ga kyan launi, ga kauri, ga jan zare a yatsa, amma fanko ne. Wani ma tsohon man da aka juye yake tacewa ya gauraya. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha yin gargaɗi da kame a kan irin wannan algus. Araha dai ba ta ado.

Robar kamfani ma ana yin jabunta, shi ya sa za ka ga ana bin garejin bakanike ana sayen robobin da aka juye. Saboda haka duba murfi, zoben da ke ƙasansa ya kasance bai tsinke ba, takardar bakin kuma a liƙe take ba alamar an ɗaga ta. Duba rubutun, in ya dusashe ko yana gogewa da yatsa, yi hattara. Nemi tambarin SON da lambar haɗi da kwanan wata. Ya fi kwanciyar hankali ka saya a gidan mai ko wurin dilan da aka sani. Kamfanonin da suka yi suna suna da yawa, na waje da na gida, har da Ammasco da ke nan Kano, kuma ni ba tallar kowa na zo yi ba. In an buɗe a gabanka an zuba, karɓi robar ka huda ta ko ka tsaga ta da wuƙa. In kuwa uwargida na son ta, to ta zuba kananzir, kada a kuskura a sa mata ruwan sha ko man girki.

Yaushe ake juye? Sabon babur yana bukatar juyen farko da wuri, tsakanin kilomita 500 zuwa 1,000 gwargwadon abin da littafinsa ya ce, saboda sababbin ƙarafa suna zubar da ɓurɓushi yayin da suke zaunawa. Bayan nan littafi zai ba ka tazara, sai dai ka tuna cewa hanyar Dawaki zuwa gona ba kwaltar da aka yi lissafi da ita ba ce. Ƙurar hunturu, kaya masu nauyi, tafiyar giya ɗaya cikin yashi, duk suna rage wa mai kwana, don haka ka rage tazarar. Yi lissafi da kanka: in kana cin kilomita 100 a rana, kwana 20 ka yi 2,000. Mita ta mutu? Yawancinmu haka muke. To rubuta ranar juye a waya ko a bangon ɗaki. Kuma duk ranar juye a buɗe iyakilina a wanke soson ko a canza takardar, don ta nan ƙura ke shiga ta zama yashi a cikin mai. A ciro 'yar rariyar da ke ƙasan inji ita ma a wanke.

A yi juye inji na da ɗumi, man ya fi fita da dattinsa. Kuma ka tsaya ka kalli abin da ke zubowa cikin kwanon, kada ka tafi shan shayi ka bar yaron gareji shi kaɗai. Baƙi kawai ba laifi ba ne, alama ce ta cewa man ya kwaso datti kamar yadda aka sa shi. In ka ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, galibi da damina bayan an tsallaka rafi, kuma wannan ba ya jiran ranar juye. In yana warin fetur ya tsinke, kafireto na ambaliya. In kuwa ka karkata kwanon a rana ka ga yana ƙyalli da ƙananan ƙarafa, akwai abin da ke cinyewa a ciki, gara a duba tun kafin inji ya buga.

Wajen zubawa kuma, yawancin waɗannan baburan lita ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan suke ci. Cikawa fiye da kima ba gata ba ne, kumfa yake jawowa, da yoyo, da hayaƙi. A kafa babur a kan jaki biyu a wuri mai daidai, a duba geji ko 'yar tagar gilashi, man ya tsaya tsakanin layi biyu. Injin da iska ke sanyayawa yana ɗan shan mai ko da lafiyarsa ƙalau, don haka ɗan acaba ya riƙa leƙa geji kowace safiya kafin ya fita. In salansa na fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ringi ne ko robar bawul, ƙara kaurin mai zai ɓoye ciwon ne na ɗan lokaci kawai.

Saura tsohon man da aka juye. Ana shafa shi a miki, ana shafa wa akuya mai ƙazuwa, har akwai masu shafa wa yaro a ƙafa in ya yi kaushi. Don Allah a daina. Man da ya yi aiki a inji yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa da gubar ƙonannen fetur, kuma likitoci sun tabbatar da cewa yawan haɗuwarsa da fata na iya jawo cutar daji. Bakanike ma ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa a kwanon tuwo. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko a kwatar da ke gangarawa fadama, kaɗan daga cikinsa yana ɓata ruwa mai yawa. A tara shi a jarka a rufe, a ajiye inda yara ba sa kaiwa.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu ɗauko maganar sarƙa da siroket, da dalilin da ya sa ba a canza ɗaya a bar ɗaya.